Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wuyar da Na Sha Kafin Na Samu Bizar Chaina

A makon jiya na tsaya a inda Alhaji ya kira ni bayan mun rufe shago, ya ce ciwon gwiwa ba zai bar shi doguwar tafiyar jirgi ba, ni zan je masa Chaina saro kaya. Farkon 2017 ke nan, shekarata tara a shagonsa a Kantin Kwari. Ya ce in dakata ya dawo daga Masar wurin ganin likita, sai mu yi maganar biza.

Ban dakata ba. So nake ya dawo ya tarar na gama komai, ya san bai yi zaɓen tumun dare ba. Gani nake kuma na san tafiya, tunda na je Kwatano, na je Lome, Maraɗi kuwa ba a magana. Abin da ban lura da shi ba, a lokacin duk ƙasashen ECOWAS ne, waɗanda yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan cikinsu damar shiga ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Umarar da na yi kuwa kamfanin jirgin yawo ne ya yi komai, fasfo na miƙa, fasfo na karɓa. Ban taɓa cike takardar biza da hannuna ba.

Wani maƙwabcin shago ne ya haɗa ni da wani eja da ke da ɗan ofis a saman bene. Yana ganina ya miƙe da fara'a.

"Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne. Kawo fasfo da hoto, takardar gayyata kuma bar min. Nawa ne a asusunka?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya ce za a yi wa asusun ciko: za su zuba miliyoyi su kwana uku, a fitar da takardar banki, sannan su janye kuɗinsu, in biya ladan aro. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na ga wasu fasfo jibge a teburinsa, na ce ai ba ni kaɗai ba ne. Lokacin dala ta kusa naira 500 a kasuwar 'yan canji ta Wapa, shi kuma da dala ya yanka min farashi. Kuɗin da nake tarawa na fili na ɗebo na ba shi.

Bayan mako uku fasfo ya dawo babu biza. Da na yi maganar kuɗina, sai ya ce an riga an yi aiki da su.

Ranar da Alhaji ya dawo kasuwa na kasa haɗa ido da shi. Bayan la'asar na zayyana masa komai. Bai yi faɗa ba, wallahi da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi, "Sani, ɗauko min kwafin duk takardun da ya shigar maka." Ya baza su a kan dilar atamfa, ya sa tabarau, yana bi da yatsa.

Takardar gayyatar daga wani kamfanin kayan wuta take, alhali ni ɗan yadi ne, ban ma san da kamfanin ba. Takardar banki kuwa ko yaro ya duba zai gane: wata biyar kuɗi na shiga kaɗan-kaɗan, rana ɗaya sai ga tsauni. Sai na uku, wanda ban taɓa kawo shi a raina ba, wato suna. A fasfo an rubuta sunan mahaifina Mohammed, a banki Muhammad, kuma a bankin na ƙara sunan unguwarmu a ƙarshe kamar yadda aka rubuta min tun firamare. A nan ne mu Hausawa da yawa muke faɗawa. A wurinmu Muhammad da Mamman da Muhammadu duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya san haka. Jami'in da ke duba takarda bai san unguwarku ba, bai san mahaifinka ba, harafi yake karantawa. Harafi ɗaya ya saɓa, a idonsa mutum biyu ne. Kuma ban ga laifinsa ba, domin ni ma idan baƙo ya zo shago neman bashi da suna iri biyu, ba zan ba shi ko turmi ɗaya ba.

Gyaran sunan nan ya ci min kusan wata guda. Na je kotu na yi takardar rantsuwa, na buga sanarwa a jarida, na kai banki aka daidaita sunan da ke kan BVN da na fasfo.

Sai Alhaji ya buga wa kamfanin da yake saro shadda da atamfa a wurinsu shekara da shekaru. Suka aiko da gayyata ta gaske, da sunana kamar yadda yake a fasfo, da dalilin zuwana, da kwanakin da zan yi, da jan hatiminsu a ƙasa. A nan na san cewa biza iri-iri ce. Ta kasuwanci a Chaina harafin M ake sa mata tun 2013, ta yawon buɗe ido L, ta karatu X. Muka haɗa da wasiƙar shagon Alhaji, da takardar rajistar kamfaninsa ta CAC, da bayanin asusu na wata shida wanda ciniki ne ya gina shi. Ya duba fasfona ya tabbatar saura fiye da wata shida kafin ya ƙare, kuma akwai shafukan da ba a buga komai ba. Na yi allurar shawara na karɓi katin rawaya, aka ce min sai ta kwana goma take fara aiki a takarda.

Hoto ma sai da aka sake. Mai hoton a Fagge ya tsayar da ni gaban farin ƙyalle, ya ce, "Yallaɓai, cire hula, kunnuwa su fito." Rabona da hoto babu hula tun ina makaranta.

Da asuba na hau mota a tashar Unguwa Uku zuwa Abuja, inda ofishin jakadancin Chaina yake, na sauka a wurin wani ɗan'uwanmu a Kubwa. Wannan karon duk abin da ke cikin ambulan ɗin na san shi, ko cikin barci aka tashe ni zan faɗi sunan kamfanin da irin kayan da muke saye. Ranar da aka miƙo min fasfo na ga bizar manne a shafi, sai da na samu inuwa na zauna, hannuna na rawa. Umma na fara kira. Ta ce, "Alhamdulillahi, Allah Ya tsare hanya," sannan ta tambaye ni ko akwai masallaci a can.

Da na kai wa Alhaji, ya ɗora yatsa a kan layi biyu. Na farko ranar da dole in shiga ƙasar kafin ta wuce. Na biyu kwanakin da aka ba ni in zauna, 30. Ya ce yara da yawa suna ɗauka ranar farko ce wa'adin zamansu, su wuce kwanaki ba su sani ba. Tarar yuwan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ana iya tsare mutum, a kuma hana shi sake shiga. Idan na sauka a otal su za su yi min rajista da 'yan sanda, idan kuma gidan wani na sauka, cikin awa 24 sai na je na yi da kaina. Ya sa na maimaita masa sau biyu.

Sannan ya buɗe durowa ya ƙirgo rabin kuɗin da ejan nan ya ci min, ya tura gabana. Na ce, "Alhaji, ai laifina ne." Ya ce in ɗauka in mayar a kuɗin fili, ragowar rabin kuma in bar shi ya yi min ciwo.

Washegari muka yanki tikitin Ethiopian daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ta Adis Ababa zuwa Gwangzu. A mako mai zuwa in sha Allahu zan ba ku labarin daren da na sauka a can, wayata ba layi, wanda zai tarbe ni kuma bai zo ba.