Godiya ga 'yan kwana zaune na gidan kallo

Salamu alaikum jama'a. To Alhamdulillahi kakar 2024-25 ta NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta ƙare, ƙungiyarmu Oklahoma City Thunder ta ɗaga kofi, ni kuma sai yau na gama rama bashin barci har na samu natsuwar zama in yi godiya.

Na farko dai Alhaji mai gidan kallon layinmu, Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Kowa ya san a nan garin ƙwallon ƙafa ce ke kawo kuɗi, mu 'yan ƙwallon kwando ba mu cika benci biyu ba, amma bawan Allahn nan ya yarda ya bar mana makulli, ƙarfe ɗayan dare mu buɗe mu yi karo-karon fetur mu tada janareta, bai taɓa cewa mu ƙara ko sisi ba. Da azumi ma haka muka yi, daga kallo sai sahur.

Wasa 68 muka ci cikin 82, amma duk da haka ana ta ce mana wai yara ne za su watse in an shiga zagayen fitar da gwani, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa. Tun da tauraronmu Durant ya tafi Golden State a 2016 muke shan gori dama, mun saba. Memphis muka share su 4-0, Denver ta Jokic ce ta kusa sa min hawan jini sai da aka je wasa na bakwai, Minnesota 4-1, sai ga Indiana Pacers a zagayen ƙarshe.

Wasan farko na zagayen ƙarshe ba zan manta shi ba wallahi, daren Babbar Sallah ne fa, 6 ga Yuni, ragona na ɗaure a tsakar gida ni ina gidan kallo, muna gaba tun farkon wasa har saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya Haliburton na Pacers ya cilla ta faɗa, 111-110. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar janareta. Da wannan baƙin cikin na yi wanka na tafi idi idona jawur, har surukina yana tambaya ko lafiya.

Ɗan'uwanmu ɗan Garwa ta Kamaru mai goyon Pacers saboda Siakam ɗan ƙasarsu, ranar har rawa ka taka a kan benci, na yafe maka. Kuma ina gode maka, don a wasa na bakwai da Haliburton ya faɗi tun kwata ta farko agararsa ta tsinke yana dukan ƙasa da hannu, na ga idonka ya kawo ruwa amma ba ka tashi ba, ka zauna har aka tashi 103-91 sannan ka bi mu ɗaya bayan ɗaya ka ba mu hannu. Gaskiya ni kaina abin ya rage min armashi, na fi so a ce da ƙafarsa muka doke shi.

Ɗan wasanmu Shai Gilgeous-Alexander kam ba a magana, gwarzon kaka, ya fi kowa maki, gwarzon zagayen ƙarshe, duk shi kaɗai a shekara guda. Amma ni Lu Dort da Caruso nake jinjina wa, masu aikin wahala na tare gida, da Jalen Williams da ya zuba maki 40 a wasa na biyar.

Mai shayin bakin titi da ke jiranmu har asuba yana ba mu bashin shayi da burodi, na gode, gobe zan zo mu yi lissafi. Maƙwabta da muka tasa daga barci da ihu ku yi haƙuri don Allah.

Sai uwargida, wata biyu cur tana tashi buɗe min ƙofa ƙarfe huɗun asuba, sau ɗaya tak ta yi mita. Na yi alkawarin atamfa kuma ga shi na faɗa a bainar jama'a, ta ce ita leshi take so.