Kai 'yan makaranta fatsa: abubuwan da bakin ruwa ke koya wa malami

Kuskuren farko da malami kan yi idan zai kai ɗalibai fatsa shi ne sayo kayan manya: sanda mai na'urar naɗe zare, zare mai kauri, da ƙugiya irin wadda ake neman giwan ruwa da ita a tafkin Kainji. Hannun yaro ɗan shekara 10 ba ya iya sarrafa su, kuma kifin da ke kiwo kusa da gaɓa, wato ƙananan karfasa da kawara, bakinsu bai kai ya ɗauki wannan ƙugiya ba. Sai a wuni ba a kama ko ɗaya ba, yara su koma gida suna cewa fatsa sa'a ce kawai.

Busasshiyar sandar gora mai tsawon mita 3 ta wadatar. A ɗaura zaren roba mai kaurin milimita 0.18 zuwa 0.20 a siririn bakinta, tsawonsa ya ɗan gaza na sandar, don idan yaro ya ɗaga sanda ƙugiyar ta zo daidai hannunsa. Zaren da ya fi sanda tsawo shi ne uwar duk wata sarƙewa. Ƙugiya kuwa lamba 12 zuwa 16, kuma a tuna lambar na ƙaruwa ƙugiyar na ƙanƙancewa. Kafin a miƙa wa yaro ita, a sa filaya a danne 'yar ƙayar nan da ke bayan tsininta har ta kwanta. Wannan ɗan aiki na da amfani biyu: kifi yana ciruwa ba tare da an yaga masa baki ba, kuma ranar da ƙugiya ta shiga yatsar yaro, wanda ba makawa wata rana za ta shiga, zare ta kawai za a yi a wanke wurin. Mai ƙaya sai an dangana da asibiti.

Abin da zai yi iyo a saman ruwa ya nuna kifi ya taɓa ba sai an saya ba. Totuwar karan dawa mai tsawon ɗan yatsa tana yi, haka ma gutsuren tsohon silifas. A maƙala 'yar dalma kamar santimita 15 sama da ƙugiya, nauyinta ya zama daidai yadda totuwar za ta nutse saura kanta kawai a waje. Idan totuwar ta yi girma, kifi na jin ja yana tofar da abincin kafin yaro ya ga komai. Da filaya ake matse dalma. Yara sukan ga manya na matse ta da haƙori, a hana su, domin dalma guba ce.

Ɗaurin ƙugiya a aji ake koyar da shi, da igiya mai kauri da lanƙwasasshiyar waya. A zura zare a idon ƙugiya, a murɗa shi sau 5 ko 6 a jikin kansa, a dawo da bakin ta ƙofar da ke kusa da idon, a jiƙa, sannan a ja. Wanda bai jiƙa ba, gogayya za ta raunana zaren ya tsinke daidai kan ƙullin.

Abin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ke raba mai kamu da mai zaman banza, shi ne auna zurfi. A rataya wani abu mai ɗan nauyi a ƙugiya a sauke a ruwa. In totuwa ta nutse, zaren da ke ƙarƙashinta ya yi gajere. In ta kwanta a saman ruwa, ya yi tsawo. A riƙa matsar da ita har abincin ya zama yana ɗan taɓa ƙasa. Tana ita ce abincin da ya fi, amma gutsure ake sawa, a bar tsinin ƙugiya a buɗe. Yara na son cusa tana guda cur, kifi ya yi ta tsakurar wutsiyarta har ta ƙare. Dunƙulen jiƙaƙƙiyar dusa kamar girman lemon tsami, a jefa ɗaya duk bayan minti 10, yana tara kifi wuri guda. In aka zuba da yawa sun ƙoshi, sun bar tanar. Idan totuwa ta nutse, ɗaga sanda ake yi da wuyan hannu. Fizga da ƙarfi na cilla ƙugiya fuskar na kusa, jinkiri kuma na sa kifi ya haɗiye ta. In hakan ta faru a yanke zaren kusa da baki, kada a tona cikinsa.

Zaɓen wuri ya fi kowane kaya muhimmanci, kuma a nan ba na goyon bayan sassauci ko kaɗan. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini bai dace ba, gefensa kan rufta kuma zurfinsa ba ya da tsari. Tafkin kiwon kifi mai shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ya fi, kuma an fi samun kamu a cikinsa. Babba ɗaya ga yara 4, tazarar mita 4 tsakanin yaro da yaro, igiyar ceto da aka ɗaura wa jarkar da ba komai cikinta a ajiye a kusa, kuma nesa da wayar lantarki. Da an ji tsawa an tashi. Ba mai sa ƙafa a ruwa, saboda tsargiya: ƙwayar cutar na fitowa daga ƙananan katantanwar ruwan da ba ya gudu sosai, ta ratsa fata, daga baya yaro ya fara fitsarin jini, kuma ta fi yawa a ruwan da tsakar rana. Shi ya sa safiya ta fi, awa ɗaya da rabi, kafin rana ta take kuma kafin hankalin yara ya watse. A tsakiyar hunturu karfasa na rage ci saboda sanyin ruwa, fita a lokacin takan zama asarar rana.

Kafin a taɓa kifi a jiƙa hannu, don yauƙin jikinsa shi ke kare shi daga cuta. Tarwaɗa da ƙurungu na da ƙaya a fukafukan gefe, ta ƙurungu ma har a baya, tana miƙewa ta kulle, don haka babba ne zai cire su. Minjirya kuwa ba a taɓa ta da hannu, tana ja kamar lantarki.

Abin da ke mayar da wannan fita karatu shi ne littafin rubutu. Kowane rukuni ya rubuta lokaci, zurfi, abincin da aka sa, irin kifin da tsawonsa a kan rula, sannan a mayar da shi ruwa cikin kamar daƙiƙa 30. Mako mai zuwa malamin lissafi ya sami alƙaluman fitar da matsakaici da zana jadawali waɗanda yaran da kansu suka samo. Na kimiyya ya sami damar bayyana abin da ya sa kifin tafki ke taso da baki sama da asuba: da dare tsirran ruwa ba sa samar da iskar shaƙa, sai dai su ma su ja. Kuma idan aka ci sa'a aka kama macen karfasa irin ta Nilu da ƙwai ko 'ya'ya cike da bakinta, yara za su gane da idonsu dalilin sakinta nan take. Daga nan sai a kawo musu zancen Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifi, kuma ake tsare ruwan Matan Fada tsakanin biki da biki har kifi ya girma. Inda gari ke da Sarkin Ruwa ko tsohon masunci, a gayyace shi ya faɗi sunayen kifin da lokutan haihuwarsu, domin ya fi littafin aji saninsu a wannan ruwan.

Kafin a tashi a ƙirga ƙugiyoyi, adadin da aka raba shi za a karɓa. A tsince duk guntun zaren da aka yanke a sa a leda, don zaren roba ba ya ruɓewa da wuri, yana naɗe ƙafar tsuntsu da ta akuyar da ta zo shan ruwa. Sannan kowa ya wanke hannu da sabulu da ruwan da aka taho da shi daga makaranta kafin a raba abinci.