Wasiƙa daga Ingila: abin da ake kira cin amanar aure a nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Muna rubuto wannan ne saboda masu shirin tahowa da iyali, da iyayen da ke aurar da 'ya'yansu ga mazauna Ingila. Aure da yawa na lalacewa a nan ba tare da an kama kowa da zina ba. Abin da miji ya ɗauka halas, matar ta ɗauke shi cin amana, doka kuma tana da nata ma'aunin.

A gida, magidanci ya je zance wurin budurwa, uwargida ta ji zafi, dangi su ce ta yi haƙuri, neman aure yake yi. Ita kuwa da za a ga saƙon tsohon ɗan ajinsu a wayarta da dare, sai an tara iyaye. Wannan rashin daidaito mun saba da shi har ba ma ganinsa, amma macen da ta shekara biyu tana aiki a nan tana biyan rabin kuɗin haya ba za ta ci gaba da haɗiye shi ba. Shari'a ta tsaurara wajen tabbatar da zina: shaidu huɗu, wanda ya yi ƙazafi kuma bulala tamanin, kamar yadda ya zo a Suratun Nur. Rigimar gidajenmu ba ta kai can ba. Hirar WhatsApp ce ta tsakar dare, da goge saƙo, da ajiye lambar mace da sunan namiji, da tura wa wata kuɗi a ɓoye. Ɓoyewar ce ke ƙona zuciya, domin mai neman aure na gaskiya ba ya ɓoye lamba.

Kishiya ita ce babbar matsalar. Wanda ya yi auren rajista a nan ya sake yin wani alhali na farko bai mutu ba, dokar 1861 ta tanadar masa ɗauri har shekara bakwai. Wanda Ingila ta zama mazauninsa na dindindin a idon doka, idan ya koma Kano ya ƙara aure, kotun nan ba ta ɗauki auren a bakin komai ba. Bizar aure kuma mace ɗaya ake ba wa. Sai wasu su ɗaura a masallaci kawai, ba rajista. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2020 cewa irin wannan ɗaurin ba ya ba mace damar neman rabon dukiya idan an rabu. Iyayen amarya, ku tambayi takardar rajista kafin ku karɓi sadaki.

Tun Afrilun 2022 ba sai an kawo hujjar zina ko wani dalili ba kafin a raba aure. Ɗaya daga cikin ma'auratan ya bayyana cewa zaman ya ƙare, shi ke nan, ɗayan ba shi da ikon hanawa. Idan bizar mutum ta rataya ne a kan ta abokin aurensa, da sun rabu dole a sanar da hukumar shige da fice, kuma yawanci kwana 60 ake bayarwa ya nemi wata ko ya bar ƙasar.

Binciken waya ma ba abin wasa ba ne. Bibiyar wayar mace kullum, da hana ta fita, da riƙe mata katin banki, na iya zama laifin danniya a ƙarƙashin dokar 2015, hukuncinsa har shekara biyar. Zargi ba ya zama uzuri a gaban alƙali.

Kafin a sayi tikiti, a zaunar da ma'auratan gaban waliyyai a yi magana ɓaro-ɓaro: yana da niyyar ƙarin aure ko babu, wa da wa ake tura wa kuɗi gida duk wata kuma nawa, ya za a yi da abokan aiki maza da mata, tunda a nan tare ake aiki har da na dare. A rubuta abin da aka amince, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.

Wassalam, daga 'yan'uwanku na Birmingham.