Madubin Baba

Wata huɗu ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na hagu ya daina motsi. Ranar da likitar gashin ƙashi ta kafa madubi a kan tebur, tsakanin hannayensa biyu, wallahi na ɗauka wasa take. Ta ɓoye na hagun a bayan madubin, ta ce, "Baba, ku riƙa buɗe na dama kuna dunƙulewa, amma idonku na kan madubin."

Ya yi shiru, ya ƙura ido. Can ya ce yana jin kamar na hagun ne ke motsawa. Ni kuwa da nake tsaye a baya ina ganin hannun kwance, ko yatsa bai ɗaga ba.

Daga baya ta yi min bayani: ƙwaƙwalwa na gaskata ido sosai, har sashen da ke sarrafa hannun da ya shanye yakan fara farkawa. Wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Ramachandran ne ya fito da dabarar a shekarun 1990 don waɗanda aka yanke wa hannu, daga baya aka kawo ta ga masu shanyewar jiki. Akwai ma wata: a ɗora na'ura mai girgiza kan jijiyar gwiwar hannu, mutum ya ji hannun na miƙewa alhali yana nan inda yake.

Ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne, kuma sauran atisayen na nan daram. Minti 30 muke yi kullum, wani lokacin har da ƙorafi. Jiya dai babban yatsansa ya ɗan motsa, ya taɓa bayan madubin. Fita na yi waje kada ya ga hawayena.