Gajeriyar sandar giya a garejinmu na Garwa

Garejina yana unguwar Yelwa a nan Garwa, ni da yara huɗu. Giyabos ne sana'ata, abin da kanikawan nan suka fi kira bwat, sai kuma kuloci. Abincinmu na kullum Hilux ne da Corolla da motocin haya masu jigila zuwa Marwa da Ngaundere. Motocin gudu kuwa sai jefi-jefi: tsohuwar BMW E36 ko E46 da aka sauke a Duwala, Golf GTI, wani lokaci Toyota 86. Masu su ba su da yawa, amma kusan duk saurayin da ya shigo da ɗaya, maganar gajeriyar sandar giya ce a bakinsa, don ya gani a YouTube.

Abin ba wani sihiri ba ne. Sandar giya tana juyawa ne a kan wani ƙwallo. Sama da ƙwallon hannunka ne, ƙasa da shi kuma ɓangaren da ke tura giya. A gajeriyar sanda an matsar da ƙwallon sama, ɓangaren ƙasa ya ƙara tsawo, sai hannu ya ɗan motsa kaɗan amma ƙasan ya yi tafiyar da ya saba. Yawancinsu suna rage tafiyar hannu da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. Sai dai abin da aka rage maka a nisa, da ƙarfin damtse za ka biya shi, kamar mai ɗaga dutse da guntun ƙarfe.

Daɗi dai akwai shi, ba zan ɓoye ba. Na taɓa hawa tsaunin hanyar Ngaundere da wata E36 da aka saka wa sandar Z3, wadda ta BMW ce ta asali amma ta fi gajarta tafiya. A kwanonin nan da kake sauka daga ta uku zuwa ta biyu ka koma, wuyan hannu kawai ke aiki, giya ta shige ƙas, hannunka ya koma kan sitiyari nan da nan. Wanda ya ɗanɗana wannan da wuya ya so tsohuwar.

Abin da samarin ba sa son ji shi ne, ko doki ɗaya ba ta ƙara wa inji. A cikin giyabos akwai zobban sinkoro, galibi na tagulla, su ne ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta kama, kuma suna da lokacinsu da ba a yi musu gaggawa. Gajeriyar sanda tana koya wa hannu garaje. Yaro ya ga tafiyar ta ragu sai ya riƙa fizga, zoben bai gama aikinsa ba an danna masa. Giya ta biyu ce ke fara kuka, gurrr, musamman da sanyin safiya lokacin hunturu da mai yake da kauri. Ranar da aka ce a sauke bwat a canza sinkoro, kuɗin ya ninka na sandar sau da yawa, kayan kuma sai an jira su daga Duwala ko a tsallaka Najeriya.

Akwai kuma abin da masu bidiyon Turai ba su san da shi ba. Sandar kamfani tana da roba a cikinta mai shanye ƙara da girgiza. Da yawa daga na kasuwa ƙarfe ne zalla, duk gurnanin giyabos a tafinka yake ƙarewa. Ga kan alminiyon da suke zuwa da shi. A watan Afrilu, zafin Garwa ya haura digiri 40, ka ajiye mota a rana ka je sallar Azahar, in ka dawo sai ka sa hula ko hankici kafin ka taɓa shi. In robar da ke rufe ƙwallon ba ta zauna daidai ba, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da giris ta zama yashi. Cikin gari kuma, tsakanin 'yan moto a bakin babbar kasuwa, ta ɗaya ta biyu ta ɗaya ta biyu, kafaɗa tana gaya maka.

Sau ɗaya na ji kunya a kan wannan aikin. Wani yaro ya kawo E46 da sanda marar suna da aka aiko masa daga Dubai. Ya ce, "Baba, yau nake so, gobe akwai ɗaurin aure a Figil." Na biye masa, na ɗaura ban tsaya na auna ba. Kwana biyu ya dawo, mota tana ƙyas-ƙyas daga ƙasa. Da muka ɗaga, ashe tsawon da ƙasan sandar ya ƙara ya sauko da ƙarfen da ke haɗa ta da giyabos, har yana gogar kan furofela, dogon ƙarfen nan mai kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Laifina ne. Na cire, na mayar da ta asali, ban karɓi ko dala ba.

A wannan cirewar na ga ainihin ciwon motar. Kofin robar da ƙwallon ke zama a ciki ya tsage, bushin, wato robobin da ke jikin ƙarfen da ke riƙe sandar, sun zama kamar tuwo, ga ƙananan washa na roba duk sun cinye. Motar da ta haura shekara ashirin a wannan rana, dole. Lilon sandar da ya sa yaron neman gajeriya daga nan yake, ba daga tsawon sanda ba. Tun daga lokacin duk wanda ya zo sai na sa giya ta uku, na kaɗa sandar hagu da dama. In tana yawo kamar muciya a tukunya, bushin muke fara canzawa, in ce ya je ya yi mako guda. Wanda ya dawo yana so har yanzu, ina ɗaura masa, amma mai suna kamar B&M ko ta kamfanin motar, bayan na tabbatar sinkoronsa lafiya lau ne.

Shi yaron nan mai E46, da muka canza masa robobin, ya zagaya ta wajen filin wasa na Roumdé Adjia ya dawo yana dariya, wai ashe na saka masa wata gajeriyar a ɓoye. Na ce, "Ɗana, taka ce ta asali." Ta Dubai ɗin tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, yarana suna buɗe gwangwanin giris da ita.