Neman akanta daga kasuwar Mile 12

Wake da gero nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, daga Dawanau ake lodo mini kaya. Shekara da shekaru lissafina bai wuce littafi mai bangon kwali ba, kuma yana isa ta. Sai wani otal a Ikeja ya nemi in riƙa kai masa wake duk wata, amma da sharaɗin in kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Nan neman akanta ya zama mini dole.

Masu cewa "Alhaji, kawo kuɗi kawai, gobe takarda ta fito" ba su da wuyar samu a Legas. Waɗannan na kauce musu, don ranar da aka gano takardar bogi, sunanka ne a jiki, ba nasu ba. Wani dattijo mai albasa a layinmu ya ce mini, "Ɗana, duk wanda ya ce shi akanta ne, tambaye shi ƙungiyarsa da lambarsa." Ƙungiyoyin akantocin su ne ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN, kuma in harkar haraji ce a ga yana cikin CITN, ƙungiyar ƙwararrun haraji. Dattijon ne ya haɗa ni da akantansa, Bayarabe ne da ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ni.

Tambayarsa ta farko: rajistata ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan kasuwanci ce ko ta kamfani? Ta sunan kasuwanci ce, don haka harajina na hukumar jihar Legas ne, LIRS, kuma kafin 31 ga Maris ake shigar da bayanin shekara. Harajin VAT na kashi 7.5 kuwa ba a ɗora shi a kan ɗanyen abinci irin nawa.

Abin da ya sa na riƙe shi shi ne bai tsaya a ofis ba. Ya zo rumfa, ya zauna a kan buhu, ya buɗe littafin shafi-shafi. Kasuwancinmu na amana ne. Kaya su zo bashi, a biya bayan an sayar. La'adar dillali, kuɗin mota, na 'yan dako, na sauke kaya, ba wanda ke ba ka rasit. Akantan da bai san wannan ba, duk kuɗin da ya shigo riba zai kira shi. Akantana ya ɗora yatsa a kan bayanin asusuna na banki ya ce, "Wannan na waye?" Kuɗin yaran garinmu ne masu okada da gadi, da suke ba ni in tura wa iyayensu gida. A takarda sai ka rantse ciniki ne. Ya sa na buɗe asusun kasuwa daban, ya kuma ba yaron shagona littafin rasit mai kwafi, ko buhu ɗaya ya fita a rubuta.

Ladansa mun yanke shi a rubuce, wata-wata, da abin da zai yi a ciki. Kuɗin harajin kuma ba ya bi ta hannunsa. Shi ke lissafawa, ni ke biya kai tsaye a asusun gwamnati, rasit ya fito da sunana, sannan in tura masa hotonsa ta WhatsApp.