Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sunduƙin Hajiya

A makon jiya na tsaya a inda na fara koyon kafinta a unguwar Zango ta Damagaram. Aikin da ya sa na ƙaunaci sana'ar nan wani sunduƙi ne da wata Hajiya ta aiko daga unguwar Birni. Ta ce na kakarta ne, tun zamanin da Damagaram ke babban birnin Nijar, kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926. Katakon lafiya lau, amma sukurun da ke riƙe murfin sun ɓace.

Na sayo sababbi a Kasuwar Dole, suna ƙyalli. Maigida ya juya su a tafin hannu ya ce, "Ɗana, idan ka ɗaura waɗannan haka, ido ba zai ga sunduƙin ba, su zai gani." Ya ware masu kai mai tsaga huɗu ya ajiye gefe, domin irinsu sai a shekarun 1930 suka fito. Na zamanin da, tsaga ɗaya gare su.

Ƙyallin nan tutiya ce aka shafa wa ƙarfen don kada ya yi tsatsa. Muka jiƙa su a ruwan lemun tsami suka kwana har ta ɓare. Ya ja mini kunne kada in taɓa sa mai tutiya a wuta, hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Muka yayyafa musu ruwan gishiri, muka shanya, tsatsa ta hau su ja wur.

Nan na ga abin da har yau yake burge ni. Ya aike ni wurin majema in samo bagaruwa, wadda suke jeme fata da ita. Muka dafa, muka tsoma sukurun. Daɗewa kaɗan jan nan ya rikiɗe ya koma baƙi mai duhu, domin ruwan bagaruwa in ya haɗu da tsatsa baƙi yake bayarwa. Da suka bushe muka goge su da kakin zuma, muka ɗaura da hannu a hankali don kada bakin tsagar ya karce.

Hajiya ta zo da jikarta, ta daɗe tana shafa murfin. "Malam, ina sababbin?" Maigida ya nuna ni: "Hajiya, tambayi yaron nan, shi ya yi."

Mako mai zuwa zan ba ku labarin ƙofar zauren da aka kira mu gyara kusa da fadar Sarki.